Gyara Ba Ta Komawa Buhu

Samari, na ji abin da ɗayanku ya faɗa ɗazu, kunnena bai mutu ba tukuna. Wai awo ba sana'a ba ce, ɗiba ne da zubawa, ko makaho ya iya. To ku fara saukowa daga kan buhun mutane, hatsi ba kujera ba ne. Ni Manzo na fi shekara arba'in a durƙushe cikin rumfar hatsi ta kasuwar Matameye, gwiwoyina duk sun yi kanta, amma akwai rana ɗaya da in na tuna ta, har yau ban san ko na iya awo ko ban iya ba. Zan kai ku can. Sai dai ku fara sanin abin da ke hannuna.

Wannan ita ce tiya. Kwano ne kawai, na sani, uwar kowa tana da irinsa a ɗaki. Ubangidana Mati, Allah ya jiƙansa, shi ya fara ɗora mini ita a hannu, bayan na yi damina uku ina riƙe masa bakin buhu ina share tabarma. Bai taɓa ce mini ga yadda ake yi ba. In na tambaya sai ya ce, "Idonka a gida ka baro?" Ranar da ya ce in gwada, buhun wake ya ajiye a gabana, don mugunta irin ta tsofaffi. Gero in kana zuba shi hawa yake yi, ya tsaya, wake kuwa gangarowa yake yi. Na auna buhun nan sau uku, sau uku ina samun ƙidaya daban. Bai zage ni ba, ya karɓe tiyar, ya miƙo mini tsintsiya. Sai da aka sake girbi sannan na ƙara taɓa ta.

A kasuwar nan ba a shafe wa tiya baki. Ka cika ta, ka ƙara, ka ƙara, har hatsin ya yi tudu bisa bakin kwano ya fara zubowa da kansa. Wannan tudun shi ne tozo. Sai ka tallafe gefe da tafin hannun hagu ka juye. In an gama awon duka, ka ɗebi cikin hannu ɗaya ka bi da shi, ita ce gyara. Mutumin da ya sayi hatsi ba a yi masa gyara ba, ko buhu aka cika masa, zai je gida ya ce an wulaƙanta shi. Kuma sabon gero tozonsa daban da na tsoho, wanda ya sha raɓa daban da wanda ya sha rana. Ni a kunne nake jin su. Busasshe in ya sauka cikin kwano yana da ƙara, mai danshi kuwa shiru yake sauka, ya fi nauyi, ya fi saurin cika.

Akwai wata tsohuwa daga Kance da ta yi shekaru tana sayen dawa a hannuna, kullum da nata kwanon a ɓoye ƙarƙashin mayafi. In na gama sai ta koma bayan rumfa ta sake aunawa, tana tsammani ba na ganinta. Ranar da ta zo ba kwano, na san na zama ma'auni. Akwai kuma fataken da ke zuwa daga wajen Daura, waɗanda za su ja ka da hira kana tsakiyar ƙidaya, su tambaye ka lafiyar iyali, don ashirin da bakwai ta koma ashirin da shida. Shi ya sa muke ƙirgawa da ƙarfi muna maimaitawa, bakwai bakwai, takwas takwas, ko sallama aka yi sai mun kai goma mu amsa. Masu buga gindin tiya da dutse don ta rage ciki su ma na gansu, ba sa daɗewa a rumfa.

Abin da ba ku gane ba shi ne, ma'auni ba shi da hatsi. Mai hatsi yana zaune a damanka, mai saye a hagunka, kowa idonsa a kan hannunka. In tozo ya yi ƙasa mai saye ya ce, "Haba Manzo, ƙara mana." In ya yi yawa mai hatsi ya yi gyaran murya ya ce, "Ya isa." Tsakanin ƙara da ya isa, nan muke cin abinci. Ladanmu ɗan abin da suka ba mu ne da abin da ya zuba kan tabarma. Dukiyarmu kuwa guda ɗaya ce, mutum biyu da ba su yarda da juna ba su yarda da hannunka.

To, shekarar da nake son ba ku labari, kun san ta, ba ku da ƙanƙanta sosai. Kaya suka yi tashin gwauron zabi. Taki ya gagari talaka, mai ya yi tsada, kuɗin mota zuwa Zinder ya zama abin shawara. Mazan da suka tafi cirani Najeriya suka dawo da abin da bai kai ya kawo ba, wasu ma ba su dawo ba. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya fito, rumbuna kuwa ba komai sai ƙaiƙayi. Lokacin noman farko ke nan, lokacin da manomi ya fi bukatar tuwo a ciki. Wanda ba shi da abin ci sai ya bar tasa gonar ciyawa na cinye ta, ya tafi barema, wato ƙwadagon noma, gonar mai hali don ya samo na kunu. Na ga magidanta masu furfura sun zo sayen rabin tiya suna rufe fuska. Rabin tiya ban san yadda ake yi mata tozo ba, Mati bai koya mini ba.

Ana cikin haka aka ce gwamnati ta turo hatsi mai rangwame don manoma su zauna gonakinsu. Aka yi ta surutu. Wasu suka ce kyauta ne, wasu suka ce iri ne na shuka, wasu suka ce sai mai katin zaɓe, wani ma ya rantse mini wai masu shanun huɗa kaɗai za a ba. Ni dai ina zaune sai ga aike daga komiten rabo, wai ni suke so in auna, tunda duk garin ba wanda zai ce hannuna ya karkata. Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Na wanke tiyata da toka, na sa rigar Juma'a.

Shugaban aikin wani ma'aikaci ne, Mushe Lawali, yadda muke kiran 'yan boko, mutumin kirki mai yawan gumi, takarda ba ta barin hannunsa. Ya nuna mini buhu ashirin a cikin magaza, ɗakin ajiyar kaya, ya ce an ɗora kowane a sikeli, kilo ɗari ne cif. Ya ce, "Baba, kowane gida ya biya ya karɓi tike, takardar shaida. Mai tike tiya biyar. Buhu tiya arba'in ne, gida takwas ke nan. An lissafa komai, kai dai aunawa ce taka." Na ce to. A raina na ce buhun gwamnati ke nan, ƙato ne, don namu na kasuwa ba ya kai arba'in. Ban tambaya ba. Wa zai tambayi mai takarda?

Shi ya zauna bakin ƙofa yana duba tike, ni ina ciki kan tabarma, masu dako suna farke buhu da zarar wani ya ƙare. Waɗanda ke gaban layi mutanen cikin gari ne, don su suka fara jin labari. Maƙwabtana ne, abokan cinikina ne, har da surukina Alhaji Sabo. Na yi bisimilla na cika tiya na yi mata tozo yadda na saba. Mai tike ya ce, "Ƙara, Manzo, na gwamnati ne." Na saurara ta dama, ban ji kowa ya ce ya isa ba. Na ƙara. Na kai biyar, ya tsaya yana kallona da bakin buhunsa a buɗe. Na san abin da yake jira. Na ɗebi cikin hannu na bi masa da gyara, ya yi mini addu'a har da iyayena.

Haka na wuni. Wallahi ban taɓa awo mai daɗi irin na safiyar nan ba. Ba mai harara, ba mai gyaran murya, kowa na sa mini albarka. Tike nake gani, biyar nake ƙirgawa, buhu kuwa ban ƙirga ba, tunda an ce an lissafa. Da rana ta take, mutanen gari suka ƙare, aka shiga na ƙauye, waɗanda suka taso tun asuba a ƙafa ko a amalanke, ƙafafunsu fari fat da ƙura.

Bayan la'asar wata mata ta durƙusa gabana da ƙwarya babba, goye da yaro. Ta miƙo tike, ta ce, "Sannu da aiki, Baba." Na sa tiya a buhu na juye mata ɗaya. Na koma, tiyar ta kankari ƙasan buhu, rabi ta fito. Na ce wa masu dako su farko wani. Suka ce babu. Na ce wane irin babu? Na tashi da kaina na shiga lungun magaza, na ɗaga buhunan da aka zazzage ɗaya bayan ɗaya, na ƙirga, ashirin. Na sake ƙirgawa, ashirin. Na leƙa waje, layi bai ƙare ba, kowa da tike a hannu.

Mushe Lawali ya shigo yana share gumi. Ya ce, "Baba, ina hatsin?"

Na ce, "Ni ma shi nake nema, Mushe."

"Saura gida ashirin. Buhu biyu da rabi ke nan. Ina suka shiga?"

Na ce ko dai buhunan ba su cika ba. Ya ce shi da kansa ya ɗora su a sikeli. Na ce ko an ba da tike fiye da ƙima. Ya ƙirga a gabana, daidai suke. Ya ce ko na yi wa wasu shida. Nan raina ya ɓaci, na ce tun ba a haife shi ba nake ƙirga biyar. Muka tsaya muna kallon juna, shi bai yi ƙarya ba, ni ban yi ƙarya ba, hatsi kuma babu. A waje murya ta fara tashi. Na ji wani ya ce an fitar da buhu ta bayan magaza. Na ji wani ya ce, "Ashe tsohon ma da shi ake ci." Ni ake nufi. Na duba aljihun rigata kamar buhu biyu da rabi za su shiga ciki, don kaina ya riga ya ɗaure.

Matar nan tana durƙushe inda take. Mushe Lawali ya dubi ƙwaryarta, sai ya ce ta ara masa. Ya ce, "Baba, auna mini tiya ɗaya yadda kake yi." Na auna daga cikin ƙwaryar, da tozonta, na tallafe da hannu. Ya juye a leda ya ɗora a ƙaramin sikeli. Ya daɗe yana kallon allurar. Sannan ya karɓi tiyar ya cika, ya sa gefen takardarsa ya shafe bakin, tozon duka ya zube. Ya ce, "Wannan ita ce tiya. Kilo biyu da rabi."

Na ce, "Wannan ba tiya ba ce, Mushe. Wannan zagi ne."

Ya ce haka take a takarda. Na ce a wace kasuwa aka auna ta takardar? Ya ce bai sani ba, haka aka turo. Na ce me ya hana ya gaya mini tun safe? Ya ce shi bai san tiya biyu ba ce. Ni ma ban sani ba. Shekara arba'in ina tsammani guda ɗaya ce a duniya.

Nan na zauna kan tabarma na yi lissafin da ya kamata in yi tun da hantsi. Kowane buhu da na farke, tozo da gyara sun cinye rabon gida ɗaya. Duk albarkar da aka wuni ana sa mini, da hatsin waɗannan na waje na saye ta. Na yi ta sauraren dama ina jiran mai hatsi ya ce ya isa, na ɗauka mai hatsi yana Yamai cikin ofis. Ashe yana ƙarshen layi cikin rana, inda ba ya ko ganin hannuna.

Aka ce wa sauran su riƙe tikensu, wata mota na tafe, ba a san ranar ba. Matar ta ɗaure bakin ƙwaryarta da tiya ɗaya da rabi. Na tambaye ta suna, ta ce Barira, daga wani ƙauye gaba da Kurni. Mijinta yana Kano tun rani, ita ke noma gonar. Ta ce ta yi niyyar in ta samu biyar ɗin ta yi sati biyu ba ta je barema ba, ta gama noman farko. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Washegari na ɗauki buhu da tiya na shiga gari. Abin da na yi ba a taɓa yin sa ba, kuma ban ce ku yi koyi ba. Gida gida na bi waɗanda na auna wa da safe, ina sallama ina cewa na zo karɓar gyara. Wata ta ɗauka wasa nake yi, ta yi ta dariya har ta ga ban yi ba. Wani ya ce an riga an kai niƙa. Wani ya ce in je in karɓo wurin waɗanda muka raba buhu biyu da rabi da su. Wasu kuwa suka shiga ciki shiru suka fito da cikin hannu, ba su kalle ni ba, ni ma ban kalle su ba.

Surukina Alhaji Sabo ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Manzo, tunda uwata ta haife ni ban taɓa jin gyara ta koma buhu ba. Abin da hannu ya bayar ya bayar."

Na ce, "Alhaji, hannun ne nawa, hatsin ba nawa ba."

Ya ce, "To da ka shafe mana bakin tiya jiya fa? Kana tsammani da ka fita magazar nan da rigarka? Cewa za mu yi kun sace tozon kai da Mushe. Ni da kaina zan fara faɗa."

Na ce, "To yaya ya kamata in yi?"

Ya ce shi ba ma'auni ba ne. Ya sa aka ɗebo mini cikin hannu biyu, ya ce kada in ce gyara ce ya mayar, sadaka ce ya yi. Na karɓa. Har yau in na juya maganarsa ban ga inda ya yi ƙarya ba, kuma ban ga inda ni na yi ba.

Kwana biyu ina wannan yawo. Na haɗa da abin da na share kan tabarmar magaza, na sheƙe shi na fitar da tsakuwa. Da na ɗaga buhun na ji ya kai cikon na Barira, har da ɗan ƙari. Sauran mutanen layin ban san su ba, ban san garuruwansu ba, ita kaɗai idona ya riƙe. Na shiga motar Kurni, daga nan na taka da ƙafa ina tambaya.

Ban same ta a gida ba. Aka nuna mini gonarta a hanya, ciyawa ta kai gero tsawo. Ita tana gonar wani, ita da wasu mata, an jera ana noma. Da ta hango ni ta ajiye hauya ta zo, muka gaisa. Na ce na kawo mata cikon hatsinta. Ta aika aka ɗauko ƙwarya, muka zauna gindin wani gawo. Na kwance buhu, na fito da tiyata, na yi bisimilla.

Ta ce, "Baba, kawo. Ni zan auna."

Tun ranar da Mati ya karɓe ta ya ba ni tsintsiya, ba wanda ya sake cire tiya daga hannuna. Na miƙa mata. Ta cika, ta sa gefen hannu ta shafe bakin, yadda ta ga Mushe ya yi. Ta juye. Ɗaya, biyu, uku, sannan rabi. Ta ce da ɗaya da rabin da ta tafi da shi, biyar ke nan. Ta leƙa buhun, akwai saura a ƙasa, zai yi cikin hannu uku ko huɗu.

Na ce, "Juye duka, 'yata. Gyara ce."

Ta naɗe bakin buhun ta turo mini shi gabana. Ta ce, "A'a, Baba. Wannan ba nawa ba ne. Mutum goma sha tara ne a bayana."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta ba wata yarinya ta kai gida, ta koma ta ɗauki hauya, don ta riga ta karɓi aikin ranar. Ni kuma na saɓa buhun a kafaɗa, ba shi da nauyin komai, na kama hanyar Kurni. Ƙauye huɗu na wuce kafin in kai bakin titi. Kowane na tsaya a bakinsa ina kallon gidaje, ban san ƙofar da zan yi wa sallama ba.